Wane Hakki Mai Cewa Babu Allah Yake Da Shi A Kan Mai Bi?

Wajen shekara ta 155 bayan haihuwar Almasihu, aka gurfanar da wani tsoho mai suna Polikaf, bishop na ikkilisiyar Simirna, a gaban gwamnan Romawa cikin filin wasanni na birnin. Ɗaya daga cikin laifofin da ake ɗora wa Kirista a zamanin shi ne wai ba su yarda akwai Allah ba. Ba su da gunki, ba su da haikali, ba sa ƙona turare ga Kaisar, saboda haka a idon Romawa mutane ne marasa allah. Gwamnan ya bukaci tsohon ya la'anci marasa allah a gaban jama'a, yana nufin 'yan'uwansa masu bi. Polikaf ya ɗaga hannu ya nuna taron da ke ihu, ya mayar musu da sunan. A ranar aka kashe shi.

Kiristan arewacin Nijeriya ba ya bukatar a kai shi Simirna kafin ya fahimci wannan labari. Ya san zafin a kira shi arne ko kafiri a kasuwa ko a cikin mota, ya san yadda suna ɗaya ke rufe bakin mutum tun bai furta kome ba. Abin mamaki shi ne yadda wanda ya sha wannan ɗaci yakan yi saurin ɗura wa wani shi da zarar dama ta samu.

Damar kuwa ta samu. A dā, mai shakkar samuwar Allah a ƙasar nan yakan haɗiye shakkarsa, ya je sujada ranar Lahadi don kada a yi da shi. Yanzu wayar hannu ta ba shi murya. Littafin da Richard Dawkins, masanin halittu ɗan Ingila, ya fitar a 2006 don ƙaryata samuwar Allah ya yaɗu a duniya, hujjojinsa kuma suna yawo a Facebook da WhatsApp har sun iso ga ɗalibai a Jos da Kaduna da Yola. Yadda gardamar ke tafiya kusan iri ɗaya ne kullum. Ɗaya ya yi ba'a ga Littafi Mai Tsarki, ya kira masu bi tumaki marasa tunani. Ɗayan ya jefe shi da Zabura 14, ya yi masa albishir da wutar jahannama, ashirin su biyo baya da "Amin". Ba wanda ya sauya ra'ayi. Amma akwai na uku da ba ya rubuta kome, yana karantawa ne kawai: yaro ko yarinya daga gidan Kirista, mai tambayoyin da bai taɓa samun ƙarfin halin yi wa iyayensa ba. Shi ne yake auna wane ne ya yi magana kamar mai gaskiya a hannu, wane ne kuma ya yi kamar mai jin tsoro.

Zabura 14 ɗin nan ta cancanci a tsaya a kanta, tun da ita ce sandar da aka fi ɗauka. Gaskiya ne ayar farko ta kira mai musun Allah a zuciyarsa wawa. Sai dai wanda ya ci gaba da karatu zai ga irin mutanen da Dawuda yake nufi: masu cin amana, masu cinye talakawa kamar abinci, masu wargaza shirin matalauci. Mutane ne da ke rayuwa kamar ba mai ganinsu, ko da bakinsu cike yake da sunan Allah. Ma'aikacin da ke jagorantar addu'ar safe a ofis sannan ya danne kuɗin fanshon tsofaffi ya fi kusa da wannan zabura fiye da ɗalibin da ya kasa gane dalilin da Allah mai ƙauna ya bari aka ƙone ƙauyensu. Manzo Bulus ma da ya ɗauko wannan zabura a Romawa sura 3, ya yi amfani da ita ne don ya nuna cewa dukan 'yan Adam, Yahudu da al'ummai, suna ƙarƙashin zunubi. Ayar da aka mai da ita dutsen jifa, madubi ce a hannun Bulus. Sannan ga kashedin Ubangiji a Matiyu 5:22 game da kiran wani wawa, wanda ba a cika tunawa da shi a tsakiyar gardama ba.

Hakki na farko da mai musun Allah yake da shi a kan Kirista shi ne kada a yi masa ƙarya, kada kuma a yi ƙarya a kansa. Akwai labarin da ya daɗe yana yawo a wa'azi, cewa Charles Darwin ya tuba a gadon mutuwarsa ya janye koyarwarsa. Darwin ya mutu a 1882. Labarin bai fito ba sai 1915, a wata jaridar addini a Amurka, daga bakin wata mata da ta ce ta ziyarce shi. 'Ya'yansa, waɗanda suka san kwanakinsa na ƙarshe, sun ƙaryata shi a fili. Duk da haka har yau ana tura shi daga waya zuwa waya. Yaron da ya ji shi daga bakin malamin makarantar Lahadi, ya girma ya bincika cikin minti biyar ya tarar ba haka ba ne, ba zai tsaya a kan Darwin ba. Zai tambayi kansa sauran abin da aka faɗa masa nawa ne irin wannan. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da an haƙa shi da sunan kare bangaskiya. Ayuba ya tuhumi abokansa da wannan laifi a sura 13, cewa suna faɗar abin da ba daidai ba don su kare Allah. A ƙarshen littafin, da su Allah ya yi fushi, su da suka tsaya masa lauyoyi, ya kuma ce Ayuba mai gunaguni shi zai yi musu addu'a.

Akwai misalin da ya fi wannan kyau. Georges Lemaître firist ne na ikkilisiyar Katolika a ƙasar Beljiyam, kuma masanin lissafi da taurari. A 1927 ya nuna ta hanyar lissafi cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, daga baya ya kawo ra'ayin cewa dukan halitta ta faro daga wuri ɗaya. Wannan ra'ayi ne masana kimiyya suka karɓa har yau. A 1951 Paparoma Pius na 12 ya yi jawabi yana nuna cewa kimiyya ta tabbatar da labarin halitta na Farawa. Lemaître bai ji daɗi ba, ya kuma nemi kada a ɗaure bangaskiya a jikin binciken da gobe zai iya sauyawa. Hujja ta zo masa har gida, mai goyon bayan addininsa, ya ƙi miƙa ta fiye da inda ta tsaya.

Hakki na biyu ya fi wuya, domin yana taɓa girman kai: a amsa masa inda ya faɗi gaskiya. Yawancin masu barin bangaskiya a Nijeriya ba littafin falsafa ne ya kore su ba. Abin da suka gani ne. Sun ga gwauruwa ta ba da kuɗin makarantar ɗanta a matsayin "iri" don a yi mata addu'ar buɗi. Sun ga an hana mai ciwo shan magani da sunan bangaskiya har ya mutu. A jihar Akwa Ibom, an yi shekaru ana kiran ƙananan yara mayu a wasu majami'u, ana dukansu, ana korarsu daga gida, ana karɓar kuɗi a hannun iyaye don a "kuɓutar" da su, har sai da jihar ta kafa doka a 2008 da ta haramta wannan zargi. Cikin waɗanda suka tsaya wa yaran nan akwai Kirista, amma ɗaya daga cikin muryoyin da suka fi ƙarfi ita ce ta Leo Igwe, mutumin da ya fito fili ya ce bai yarda akwai Allah ba. A 2009 wasu masu kiran sunan Yesu suka far wa taron da ya shirya a Kalaba kan kare yaran. Duk wanda ya karanta misalin Basamariye mai kirki a Luka sura 10 zai iya gane wane ne ya zama maƙwabci ga waɗannan yara. Kafin shi an yi Tai Solarin, wanda ya kafa makarantar Mayflower a Ikenne a 1956, bai taɓa ɓoye rashin addininsa ba, ya yi rayuwar talaka, ya sha tsarewa a hannun gwamnatocin soja saboda faɗar gaskiya, har ya rasu a 1994. Kiristan da ya ce marar addini ba zai iya yin nagarta ba, sunayen nan biyu sun isa su ƙaryata shi. Bulus ya gaya wa masu addini na zamaninsa a Romawa 2:24 cewa saboda halinsu ne ake saɓon sunan Allah a cikin al'ummai. Gaskiya ɗaci gare ta, amma ba ta zama ƙarya don ta fito daga bakin abokin gardama.

Wannan ba ya nufin mai bi ya naɗe hannu. Iƙirarin cewa addini ne tushen kowace mugunta ba ya tsayawa a gaban tarihi. Gwamnatin Stalin ta rushe babbar majami'ar Almasihu Mai Ceto a Mosko a 1931, ta kashe dubban limaman ikkilisiya. Albaniya a ƙarƙashin Enver Hoxha ta rufe kowace majami'a da masallaci a 1967, ba ta kuwa zama aljanna ba. Mai ba'a da ya ce bangaskiya ba ta taɓa amfanar kowa ba, sai ya je Vom ko Garkida ya tambayi wanda ya fara wanke gyambon kutare a can. Akwai kuma tambayar da Kirista ke da ikon yi da ladabi: idan duka dangantakar ɗan Adam da duniya haɗari ce kawai, daga ina hukuncin nan mai ƙarfi ya fito, cewa dukan yaro da sunan maita mugunta ce a ko'ina, a kowane zamani? A kan irin wannan tambaya Bertrand Russell da Fada Frederick Copleston suka kara a gidan rediyon BBC a 1948. Ba wanda ya rinjayi wani, ba kuma wanda ya zagi wani. Bitrus ya haɗa abu biyu a wuri ɗaya a wasiƙarsa ta fari 3:15, wato shirin ba da amsa, da kuma tawali'u da bangirma wajen ba da ita. Masu gardama sukan riƙe rabin farko su yar da na biyu.

Hakki na uku shi ne wanda ya fi tsada a ƙasar nan. A watan Afrilu na 2020 aka kama Mubarak Bala a Kaduna, aka kai shi Kano saboda abubuwan da ya rubuta a Facebook. A Afrilu 2022 wata babbar kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 24. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage shi zuwa shekara 5 a 2024, daga baya aka sake shi. Kalamansa sun ɓata wa Musulmi da yawa rai, kuma ba wani Kirista mai hankali da zai koya wa ɗansa cin zarafin addinin maƙwabci. Amma a ikkilisiyoyi da dama shiru aka yi, wasu ma suna ganin ai ba namu ba ne, me ya shafe mu. Wata guda bayan wannan hukunci, ranar 12 ga Mayu 2022, aka kashe Deborah Samuel a kwalejin ilimi ta Sakkwato bisa zargin saɓo. Cikin kwanaki kaɗan aka kama Rhoda Jatau, ma'aikaciyar lafiya a jihar Bauchi, saboda ta tura hoton bidiyon da ke la'antar kisan. Ta yi fiye da shekara ɗaya da rabi a tsare kafin a ba da belinta a Disamba 2023, aka wanke ta a Disamba 2024. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin tunani da lamiri da addini, har da 'yancin sauya addini ko abin da ya gaskata. Wannan sashe ɗaya ne ke kare wanda ya karɓi baftisma daga wani addini da wanda ya bar addini gaba ɗaya. Ba yadda za a yage shi a gefen ɗaya ya tsira a gefen ɗayan. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Amma ko ba don tsoron gobe ba, Yaƙub da Yohanna sun taɓa neman izinin kiran wuta a kan ƙauyen Samariyawa da ya ƙi karɓar Yesu, shi kuwa ya juya ya tsawata musu, suka wuce wani ƙauye.

A ƙarshe gardamar takan bar waya ta shigo tsakar gida. Ɗa ya dawo hutu daga jami'a ya ce wa mahaifinsa, wanda watakila dattijon ikkilisiya ne, "Baba, ban ƙara tabbata akwai Allah ba." Gidaje da yawa sukan amsa da ɗayan abu uku: a yanke kuɗin makaranta, a tara masu addu'a su fitar da aljani, ko a ɓoye maganar don kada zumuntar mata ta ji. Duka ukun kunyar iyaye suke magancewa, tambayar yaron tana nan inda take. Wasiƙar Yahuza aya 22 ta ce a ji tausayin masu shakka. Toma kuwa ya gaya wa almajirai goma ido da ido cewa bai yarda da shaidarsu ba, a kan batun da ya fi kowane girma, wato tashin Ubangiji daga matattu. Bisharar Yohanna sura 20 ta nuna cewa bayan kwana takwas suna cikin ɗaki, an kulle ƙofofi, Toma yana tare da su.