Motar Baba da Haƙƙin Magada

Jama'a, duk wanda ya zaga unguwar nan tamu ba zai rasa ganin tsohuwar mota a ƙofar wani gida ba. Tayoyi sun sace, an ɗora ta a kan duwatsu, kaji na kwana a ƙarƙashinta, yara sun mayar da ita wurin wasan ɓuya. Ka tambayi masu gidan, amsar ɗaya ce: "Ai motar marigayi Baba ce, ba ta sayarwa ba ce." Ni ma na yi shekara bakwai ina ba da wannan amsa, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, fataken citta ne. Da ribar citta ya sayi Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, sabuwa dal, a farkon shekarun 1980. Yaran yanzu ba za su gane girman wannan abu ba. A Faransa aka fara fito da 504 a 1968, ta zama gwarzuwar motocin Turai a 1969, ta kuma ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekara ta 1975 ne kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri, Kaduna. Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, amma a nan sai wajajen 2006 aka daina. Zamanin mulkin soja na Obasanjo, har manyan gwamnati ita aka sa su shiga. Mota ce mai tsayi daga ƙasa, mai haƙuri da gargada, wadda bakanike zai kwance kaburetarta a gindin bishiya ya mayar kafin la'asar.

Tamu ta hau Jos ta hanyar Manchok ba adadi. Ta ɗauko amare, ta kai gawa maƙabarta. Da tsakar dare an sha buga mana ƙofa, Baba ya fito ya kai mai naƙuda asibiti Kafanchan, bai taɓa tambayar ko Bahaushiya ce ko mutuniyar Kagoro ba, bai kuma taɓa karɓar kuɗin mai ba. Don haka son da nake wa motar nan ba na banza ba ne. Har gobe in na ji ƙarar rufe ƙofar Fijo, Baba nake tunawa.

Da ya rasu, malamai suka zo rabon gado. Aka raba gida da gona da 'yan kuɗin da ya bari. Da aka zo kan mota sai na ce a dakata, ni ne babba, ba zan ga an sayar da motar Baba ina raye ba. Kowa ya yi shiru. A lokacin na ɗauka shirun yarda ne. Ashe kunya ce.

Ba a fi shekara biyu ba wani mai sha'awar tsofaffin motoci ya zo takanas daga Abuja. Ya duba lambar injin, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ga kujerunta na asali ne, takardunta cikakku, ya yi tayi mai tsoka. Na ce a'a, har da ɗaga murya. A wannan shekarar ce ƙanwata ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya, aka rasa kuɗin rajista. Ta zo ta durƙusa ta ce, "Yaya, ko za a duba maganar motar nan?" Na ce mata, "Ke ba ki san darajar Baba ba ne." Ta share hawaye ta tashi. Gurbin ya wuce.

Kun dai san ruwan saman ƙasar nan. Damina bakwai ta yi a gindin mangwaro. Tsatsa ta cinye ƙasan ƙofofi, ɓeraye suka cinye wayoyi, injin ya kafe. Ƙarshenta 'yan gwangwan ne suka zo, suka yi mata kuɗi da nauyin ƙarfe, suka daddatsa ta a gaban idona. Abin da aka samu bai kai a raba a ce an raba ba.

To a nan tambayar take. Shin mutum yana da ikon riƙe abin gado don tunawa da mamaci, alhali akwai haƙƙin wasu a ciki?

Kada mu yi saurin yanke hukunci, don masu riƙewa suna da hujja. Ba komai ake aunawa da kuɗi ba. Al'ummar da ke sayar da duk abin da iyayenta suka bari, wata rana jikokinta za su nemi abin nunawa su rasa. Motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ran 13 ga Fabrairu, 1976, tana nan a gidan tarihi na Onikan a Legas da ramukan harsasai a jikinta, ba wanda zai ce a kai ta ga 'yan gwangwan. A garin nan ma, da an adana ko da a-kori-kura ɗaya mai lafiya daga cikin waɗanda suka yi jigilar citta da doya, da yaranmu sun ga abin da ya ciyar da iyayensu. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa.

Amma mu lura da bambanci. Motar Murtala a ƙarƙashin rufi take, akwai masu kula da ita, kuma ba marayan da aka danne wa rabonsa don a ajiye ta. Tawa fa? Ban taɓa saya mata ko tamfol ba. Ban tayar da injinta ko sau ɗaya a wata ba, ban canza mata baƙin mai ba. Ina dai tsaye a bakin ƙofa ina hana kowa. Wannan ba adanawa ba ce, kamewa ce. Kuma da na zauna na yi wa kaina hisabi, sai na gane ba Baba nake karewa ba, sunana nake karewa, kada a ce ɗan wane ya kasa riƙe motar ubansa.

Abu na biyu ya fi nauyi. Daga ranar da numfashin mutum ya yanke, dukiyarsa ta tashi daga tasa ta koma ta magada, bayan an biya bashi an cika wasiyya. A cikin motar nan akwai tumunin mahaifiyarmu, akwai rabon kowace 'ya mace. Tunawa da Baba kuwa tawa ce ni kaɗai nake jin daɗinta, amma da dukiyarsu na biya. Mutum na iya yin alfarma da abin aljihunsa yadda ya so. Yin ta da rabon ƙanwarka, ita tana kuka, sunansa zalunci, ko da son iyaye aka lulluɓe shi. Baban da ke tashi tsakar dare ya kai 'yar maƙwabci asibiti, kuna ganin zai so ƙarfe ya ruɓe a ƙofar gida 'yarsa ta rasa karatu?

Akwai hanyar da ta fi, na kuma gan ta a wani gida a Kafanchan. Da mahaifinsu ya rasu ya bar 504, ɗaya daga cikin 'ya'yan ya ce yana so. Aka kira bakanike da dillali suka yi mata kuɗi a gaban kowa, aka cire rabonsa, ya biya sauran a hankali cikin shekara guda. Yau motar tasa ce halak malak. Ya yi mata rumfa, yana neman kayan gyaranta har Panteka a Kaduna, ranar Juma'a ya fito da ita tana sheƙi. Ranar bikin ƙannensa ita ke ɗaukar amarya. Ba wanda ke kallon motar da ciwo a zuciya.

Shawarata ga duk mai irin wannan mota a ƙofar gida: ka yi wa kanka tambaya uku. Ta wace ce a shari'a? Kana da halin kula da ita, da kuɗi da lokaci? Sauran magada sun yafe da bakinsu, ko kunyarka ce ta rufe musu baki? Ka tambayi matan musamman, a keɓe, ba a gaban taro ba. In amsoshin sun yi daidai, ka riƙe ta, Allah ya sa albarka, mu ma ma zo mu sha kallo. In ba haka ba, ka nemi wanda zai saye ta da daraja ya raya ta tun tana da sauran rai.

Ni dai na je na roƙi ƙanwata gafara. Ta ce, "Ba komai Yaya, ya wuce." Ta yafe, amma karatun bai dawo ba. Abin da ya rage mini na motar shi ne makullinta, yana rataye a ƙusa a ɗakina.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya kuma tsare mu da cin haƙƙin 'yan'uwa.