Huɗun da Suka Rage a Morishus

A shekarar 1974, shahon tsibirin Morishus guda huɗu kacal aka sani sun rage a daji. Ɗan ƙaramin shaho ne, bai fi tantabara girma ba, bayansa ja-ja, ƙirjinsa fari mai ɗigon baƙi. Fikafikansa gajeru ne saboda a cikin kurmi yake farauta, yana fizgar tsaka daga jikin itace. Babu shi a Madagaska, babu shi a ko'ina a doron ƙasa sai wannan ɗan tsibiri na Tekun Indiya.

Shi ne babban abin da ya kai ni can. Da na je sallama wurin malamin da na karanta Risala a gabansa, na gaya masa abin da zan je yi, bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗana, kuɗin jirgin nan buhun gero nawa zai saya? Maƙwabcinka ya ci ya ƙoshi?" Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, haƙƙin maƙwabci yana gaba, ban musa ba." Har yanzu ban musa ba. Wanda ya tsallake mai yunwa a ƙofar gidansa ya tafi kallon tsuntsu ya yi zalunci. Amma a ƙarƙashin tambayar Malam akwai wata: halittar da ba a ci, ba a sayarwa, ba ta yi wa ɗan Adam aikin komai, tana da wani haƙƙi a kanmu? Idan ta ƙare, an yi asarar wani abu?

Morishus wuri ne da ya dace a yi wannan tambaya, domin babu wanda ke zaune a cikinsa lokacin da jiragen ruwan mutanen Holan suka sauka a 1598. Sun tarar da wani ƙaton tsuntsu dangin tantabara, wanda ba ya tashi sama kuma bai san tsoro ba, shi ne ake kira dodo. Suka ci, beraye da aladu da biran da aka shigo da su suka bi ƙwansa a ƙasa. Ganin ƙarshe da yawancin masana suka yarda da shi a 1662 ne. Aka sare manyan itatuwan baƙin katako, dangin kanyarmu, daga baya rake ya cinye fili. Yau abin da ya rage na lafiyayyen kurmin asali bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba.

Mafi yawansa yana cikin gandun Black River Gorges, wanda aka keɓe a 1994. Nan muka shiga bayan asuba tare da ɗan jagora, kowa rataye da madubin hangen nesa. Aikin ba komai ba ne sai jira da kasa kunne. Muka ga tantabara mai ruwan hoda, wadda a farkon shekarun 1990 kamar goma suka rage a daji, ta sauko tana tsince-tsince ba ruwanta da mu. Muka ji kukan tsiryar tsibirin, 'yar'uwar koriyar tsiryar da muka sani a gida, kafin mu gan ta. Shahon sai da rana ta ɗaga ya bayyana a kan wani busasshen reshe. Cikin abokan tafiyar akwai wanda yana ganinsa ya yi alama a littafinsa ya ce a wuce zuwa na gaba. Wannan ba na kare shi a gaban Malam. Kwaɗayin tarawa ne, ko da tsuntsaye ake tarawa. Akwai kuma wata dattijuwa da ta tsaya har tsuntsun ya tashi don kansa, tana tambayar ɗan jagora sheƙa nawa suka ƙyanƙyashe bana, ina aka rasa. Irin kallonta nake karewa.

Hujjata daga Suratun Namli take. Annabi Sulaiman, wanda aka hore wa iska da aljanu, ya duba rundunar tsuntsaye ya lura alhudahuda ba ya nan. Malamin tafsiri Alƙurɗubi ya ciro daga wannan cewa wajibin shugaba ne ya riƙa bibiyar halin waɗanda ke ƙarƙashinsa, har mafi ƙanƙanta. Mu kuwa an ɗora mana halifanci a bayan ƙasa. Wanda bai san abin da ke cikin amanarsa ba, ta yaya zai gane wani abu ya ɓace? Da ba a samu mutanen da suka hau duwatsu suka ƙirga ba, da huɗun nan sun mutu ba wanda ya ji labari. Suratul An'am ta kira tsuntsaye al'ummai irinmu, Suratun Nur kuma ta nuna kowannensu ya san tasbihinsa. Fahimtata ita ce, ranar da dodo na ƙarshe ya mutu, wani tasbihi ya yanke wanda babu bakin da zai sake yin sa, kuma da hannun mutum ya yanke.

Sai dai lamarin shahon ya fi na dodo nauyi. Cikin abin da ya karya shi har da maganin DDT da aka fesa a shekarun 1950 da 1960 don kashe sauro. Gubar ta bi ta cikin abincinsa ta lalata masa ƙwai. Feshin nan kuwa ya ceci yara, domin a 1973 aka tabbatar Morishus ta rabu da zazzaɓin cizon sauro. Ni da na san abin da zazzaɓi ke yi wa jarirai da damina ba zan zargi masu feshin ba. Abin da nake cewa, wanda larura ta sa ya yi ɓarna, gyara yana kansa idan larurar ta wuce.

Wasu sun ce a haƙura. A 1979 masanin muhalli Norman Myers ya rubuta cewa gara a bar shahon ga makomarsa, a kai kuɗin inda za su fi amfani. Da a wurinmu ne, da an ce kwanansa ne ya ƙare. A shekarar ce wani matashi ɗan yankin Wales, Carl Jones, ya iso tsibirin ya ƙi yarda. Yana ɗauke ƙwai daga sheƙa ya ƙyanƙyashe a na'ura, uwar ta sake saka wasu. Ya kafa akwatunan sheƙa, ya ciyar da 'ya'yan da hannu, aka kafa wa beraye da tunku tarko. Yau shahon ya kai ɗaruruwa, kuma a 2022 gwamnati ta ayyana shi tsuntsun ƙasa. Sayyidina Umar, da ya juya da jama'a daga annobar Sham, ya nuna cewa gudun ma cikin ƙaddarar Allah yake. Ashe an rubuta wa shahon nan sauran kwana, an kuma rubuta cewa ta hanyar wahalar wasu bayi zai same su.

Ɗaukar ƙwan ta tsaya mini a rai, domin Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke. Na gamsu cewa wanda ya ɗauka don ya raya zuriyar ba ɗaya yake da wanda ya ɗauka don wasa ba. Duk da haka uwar ta dawo ta tarar da sheƙa wayam, kuma ɓarnar mutane ce ta jawo mata wannan.

Ba kowa ne zai je Morishus ba, ba kuma dole ba ne. Ungulun da muka taso muna gani cike da mahauta, tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa, ana kuma sayar da kanta a kasuwar 'yan magani. Ina roƙon malamanmu masu tafsiri, idan azumi ya zo suka kai kan ayar alhudahuda, su dakata su tambayi masu sauraro yaushe rabonsu da ganin ungulu ko gauraka a garinsu.