Ladabin Baƙo a Tsibirin Curieuse

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban Halitta da alayensa da sahabbansa.

A Tekun Indiya, cikin ƙasar Seshel, akwai wani ƙaramin tsibiri mai suna Curieuse. Wurin keɓe kutare ne har shekarar 1965, sannan a 1979 hukuma ta sa shi ƙarƙashin kariya. Mai ziyara yakan hau ƙaramin jirgin ruwa daga Praslin, ya sauka a bakin teku mai tsit, inda manyan kunkuru ke kiwo. Can zai ga wata itaciya, ƴar uwar giginya da goruba, wadda ake kira kwakwar teku. Asalinta a waɗannan tsibirai biyu kaɗai take tsirowa, kuma ƙwayarta ita ce mafi girma cikin dukkan tsirrai, tana iya haura kilo 15.

An hana baƙo ya tsinka ko ya ɗauka. Sai zuciya ta ce: mutum ya kashe dukiya, ya ƙetare teku, don me zai koma hannu rabbana? Ashe ba don ɗan Adam aka hore ƙasa ba?

Amsar tana jikin itaciyar. Takan shekara 25 ko fiye kafin ta fara haihuwa, ɗanta kuma yakan ɗauki shekara 6 zuwa 7 kafin ya nuna. Ƙwaya mai rai nutsewa take yi a ruwa, don haka teku ba ya kai irin wani wuri. Wanda ya saci ɗaya ya cinye haƙurin shekaru cikin ƙiftawar ido, ya kuma tauye haƙƙin waɗanda ba a haifa ba tukuna. Horewa amana ce, kuma mai riƙon amana ana tambayarsa.

Wannan shi ne abin da malaman tarbiyya ke kira tsantseni: ido ya ga kyau, hannu ya tsaya a iyakarsa. Son rai yana zaton ba a mori abu ba sai an sa shi a jaka. Amma wanda ya tsaya gindin itaciyar ya yi tunani cikin hikimar Mahalicci, ya bar ta yadda ya same ta, ya tafi da rabonsa cikakke, na bayansa ma zai tarar da nasa.

Allah ya azurta bayinsa da ladabi da wadatar zuci. Amin.