Wa ya ba ka izinin ba da lambar wayata?

Tambayar wannan makon a kan wayar da ke aljihun kowannenmu take, kuma ina roƙon a karanta ta da natsuwa.

Idan ka sauke sabuwar manhaja, kafin ta fara aiki sai ta nemi ka ba ta damar shiga lambobin da ka ajiye. Yawancin mutane dannawa kawai suke yi su wuce, don sauri ake yi. To amma dakata. Lambobin nan da ke cikin wayarka na waye? Wayar dai taka ce, ba wanda ya musa. Lambar mahaifiyarka fa? Lambar maigidanka na kasuwa, da ta direban da ke ɗauko maka kaya daga Arewa, da ta bazawarar da ta ba ka lambarta saboda wata buƙata ta rufin asiri? Waɗannan mutane sun ba ka ne don ka kira su. Ba wanda ya ce maka ka miƙa wa wani kamfani da bai san su ba. Ni a ganina ajiya ce a hannunka, kuma wanda aka ba ajiya ba shi da ikon yin kyauta da ita.

Wani zai ce ai lamba ce kawai, me za a yi da ita? Mu da muke zaune a Kudu mun ga abin da ake yi da ita. Manhajojin ba da bashi ta waya sun nuna mana. Mutum ya ci bashin dubu goma, ya makara da kwana biyu, sai saƙo ya shiga wayar surukinsa da ta abokan cinikinsa ana kiransa ɓarawo, wani lokacin har da hotonsa. Ta ina suka samu lambobin? Shi ya ba su da hannunsa ranar da ya danna amincewa. Abin ya yi muni har hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas a 2022, kuma a 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke shagonsa taɓa lambobi da hotunan mutane. Wanda ya ci bashin, to a ce shi ya jawo wa kansa. Surukin nasa da aka tayar da tsakar dare, me ya ci?

Waɗannan ƙananan 'yan cuta ne. Manyan ba sa zagin kowa, cikin ladabi suke karɓa. Facebook ya sayi WhatsApp a 2014 kan kuɗi kimanin dala biliyan 19. Ka tambayi kanka, wane ɗan kasuwa ne zai zuba irin wannan dukiya a kan abin da yake rabawa kyauta? Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. A Janairun 2021 WhatsApp ya fito da sababbin sharuɗɗa, ya ce kowa ya amince kafin 8 ga Fabrairu ko ya rasa asusunsa. Da hayaniya ta yi yawa a duniya sai aka ɗage zuwa 15 ga Mayu. A Yulin 2024 FCCPC ta ci tarar Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da WhatsApp da Instagram, dala miliyan 220, kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya ba da yardarsu ba, kuma kotun da ke sauraron irin waɗannan ƙararraki ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025.

A nan tambayar take ƙara nauyi. Kamfanin zai ce ai kun yarda, ga shi kun danna. Shin wannan yarda ce? Mai sayar da tumatir da ke karɓar hoton kaya daga Kano ta WhatsApp, yana tura wa masu saye farashi ta WhatsApp, yana jin muryar 'ya'yansa da ke gida ta WhatsApp, idan aka ce masa ko ka amince ko ka fita, ina zai fita ya je? Mun san wannan halin sarai, mu 'yan haya. Mai gida ya ƙara kuɗi, ya kawo takarda ya ce sa hannu, ka sa, don ba ka da inda za ka kai iyali a daren nan. Ba wanda zai ce da daɗin rai ka sa hannun. Ranar 4 ga Oktoban 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida a duk duniya, da yawa sun gane cewa rumfarsu a filin wani take.

Saboda haka ba na ɗora wa talaka dukan laifin. Amma ban sauke masa duka ba. Akwai bambanci tsakanin abin da aka tilasta maka da abin da ka yi don ganganci. WhatsApp ya zama dole ga mai neman abinci, na yarda. Manhajar wasa ko ta gyaran hoto da ke neman lambobin mutanenka, ita ma dole ce?

Akwai wasu mutane da suka daɗe suna cewa matsalar daga tushe take: muna aiki da abin da ba a yarda mu ga cikinsa ba. Kowace manhaja da rubutu ake gina ta, umarni ne layi-layi da ake ba na'ura. Manyan kamfanoni sukan kulle wannan rubutun, sai dai ka yarda da abin da suka faɗa maka. Wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman, yana aiki a jami'ar MIT, injin buga takardunsu yana yawan cushewa, ya nemi rubutun manhajar injin don ya gyara, aka hana shi. Wannan na cikin abin da ya sa a 1983 ya fara aikin GNU, a kan cewa mai amfani da manhaja yana da haƙƙin ya yi aiki da ita, ya duba cikinta, ya gyara, ya kuma ba wani. A 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fito da Linux a buɗe. Wayar Android da ke hannunka a kan Linux ɗin nan aka gina ta. VLC da matasa ke kallon fim da shi, da Firefox, da LibreOffice da ake buga takardu da shi ba tare da an sayi lasisi ko an saci na wani ba, da Signal ta aika saƙo, duk buɗaɗɗu ne.

Kamar mai tuwo ce da ke girki a gaban jama'a da wadda ke fito da kwano daga bayan labule. Ni ban iya girki ba, amma idan tukunyar a fili take, wata da ta iya za ta gani idan an zuba abin da bai dace ba. Haka nan ni da kai ba za mu iya karanta rubutun manhaja ba, amma dubban masana a duniya za su iya, kuma ba albashin kamfanin suke ci ba.

Kada a ɗauka buɗewa ita ce tsarki. A Maris na 2024 an gano wani da ya shafe kusan shekara biyu yana taimakawa a aikin wata ƙaramar manhaja mai suna xz, har aka amince da shi, sannan ya dasa ƙofar ɓoye da za ta iya ba shi shiga kwamfutoci masu ɗimbin yawa. Wani injiniya, Andres Freund, shi ya lura na'urarsa na jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi ya tono abin. Masu suka sun ce kun ga haɗarin barin ƙofa a buɗe. Ni kuwa abin da na gani shi ne an kama shi ne don akwai damar dubawa. Da a rufe take, wa zai bi sawun rabin daƙiƙa?

Wasu kuma sukan ce gwamnati ta yi maganinsu kawai. Doka tana da amfani, kuma tun Yunin 2023 muna da dokar kare bayanan jama'a. Sai dai mu tuna daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnati ta rufe Twitter bayan ya goge wani saƙon Shugaba Buhari. Wata bakwai masu talla da ciniki a can suna asara, ba wanda ya nemi shawararsu, daga baya kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa doka. Giwaye biyu suka yi faɗa, ciyawa ta sha takawa.

Abin da ke hannunmu ƙarami ne amma namu ne. A cikin saitin kowace waya akwai wurin da ke nuna manhajojin da ka ba damar shiga lambobi da hotuna, kuma ana iya janyewa. Wanda bai iya ba ya ba yaronsa ya duba masa yau bayan an sauko. Masu jefa mutane cikin guruf ba tare da sun tambaye su ba, lambar mutum ta bayyana ga mutum ɗari biyu da bai sani ba, su ma wannan tambayar ta hau kansu, musamman idan lambar ta matar aure ce ko ta budurwa.