SHIN LAIFI NE IN ƘI BA TA HAYA?



Makon jiya bayan sallar asuba wani dattijo ya riƙe ni a ƙofar masallaci. Yana da gida a nan cikin birni, na gado, ya sayi kason 'yan'uwansa da kuɗin sallamarsa na aiki, ya yanka shi ciki da falo ya zuba 'yan haya. Da shi yake ciyar da iyali. Dillali ya kawo masa wata bazawara mai 'ya'ya uku, ɗinki take yi, ga kuɗin shekara a hannu. Ya ce a'a. Ya ce min, "Malam, kwana uku abin yana cina. Na yi laifi?"

Ban gaggauta ba shi amsa ba, domin tsoron masu gidajen haya ba na banza ba ne. Wanda ya zauna a Kano bai manta 20 ga Janairu 2012 ba, ranar Juma'ar da aka kashe mutum fiye da 150. Bayan nan jami'an tsaro sun rusa gidajen da aka samu 'yan bindiga a ciki, kuma wasu gidajen na haya ne. Tun daga lokacin aka ƙara matsa wa mutane kada su saukar da baƙo sai da sanin mai unguwa. Ga kuma doka: in ɗan haya ya ƙi biya, ba ka da ikon cire masa ƙofa, ko kwance kwano, ko watso masa kaya waje. In ka yi, kai za ka koma wanda ake ƙara. Ɗan hayar shekara, in ba ku rubuta wani sharaɗi daban ba, notis na wata 6 ake ba shi, sannan na kwana 7, sannan kotu. Ka ga kenan shigar da mutum minti biyar ne, fitar da shi kuwa sai ya ci shekara.

To, a fiƙihu ma babu mai tilasta maka. Haya ƙulla yarjejeniya ce bisa yardar juna, a san kuɗi, a san wa'adi, kamar yadda muka karanta a Risala. In ma ka san saɓon Allah za a yi a gidan, bayarwar ce haramun. Saboda haka bincike halal ne, wani lokaci wajibi.

Sai na tambaye shi, "Baba, me ka bincika?" Ya yi shiru. Bai tambayi tsohon mai gidanta ko tana biya ba. Bai nemi ganin waliyyinta ba, bai nemi katin ɗan ƙasa ba, bai aika wurin mai unguwarsu ba. Kalma ɗaya ya ji, "bazawara", ya rufe magana. Wannan ba bincike ba ne, 'yan'uwa, zato ne aka sa masa riga. Bincike yana tambayar abin da ya shafi amanar gida: wane ne kai, daga ina, me kake yi, wa zai tsaya maka? Shi zato ba ya tambaya, ya riga ya yanke. Suratul Hujurat ta hana mu yawan zato, ta kuma hana bin diddigin asirin mutane, a aya guda. Mu kuwa mun iya haɗa biyun: mu ƙi tambayar abin da ya dace, mu koma tambayar me ya kashe aurenta.

Na san abin da wasu za su rubuto min a ƙasa: haƙƙin maƙwabta fa? Gaskiya ne, gidan cikin birni ba irin na Nasarawa ba ne, soro ɗaya, tsakar gida ɗaya, lungu ɗaya. Mugun ɗan haya guda yana isar unguwa. Amma wallahi na sha raba rigimar gidan haya, kuma da yawa magidanci ne mai mata da gemu ya hana mutane barci. Igiyar aure ba ta biyan kuɗin wuta.

Abin mamaki ma, wannan birnin da saukar baƙi ya ginu. Ku dubi sunayen unguwanni: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Tarabulus da Gadamas suka zauna. Fatoma yakan saukar da falke, ya tsaya masa a Kasuwar Kurmi, ya ɗauki nauyinsa. Ba a makance suke yi ba, wani ne yake gabatar da wani.

Abin da na ce wa dattijon shi ne: a kotu ba ka da laifi, kuma ba zan ce maka ka ci haram ba, gidanka ne. Amma in dalilinka zawarcinta ne kawai, ka munana wa musulma zato ba hujja, wannan kam sai istigfari. Ka tura Hajiya ta tambayi inda ta taso, ka nemi yayanta ko kawunta ya sa hannu, ku rubuta komai a takarda da shaidu biyu da mai unguwa. In ka ji abin ƙi, ka ƙi, zuciyarka fes.

Da la'asar ya kira dillalin a gabana. Ya ce ai ta riga ta kama ɗaki a Kurna, yaran kullum sai sun hau adaidaita sahu su dawo makarantarsu ta cikin gari. Ɗakin Baba har yau a kulle yake.