Halaccin Mulki da Rikicin Gadon Sarauta a Daular Mongol

Mongolawa sun yi imani cewa Tengiri, wato sama madawwamiya wadda suke bauta wa, ita ce ta damƙa mulkin duniya ga Jankis Khan da zuriyarsa, sai dai wannan aƙida ta halatta gidan sarautar ne gaba ɗaya ba tare da ta ware wanda zai hau karaga ba, kuma daga wannan giɓi ne fitinar daular ta tsiro bayan rasuwarsa a 1227.

Kowane mai neman sarauta yana da hujjar da al'ada ta amince da ita. Babba yana kafa hujja da girma, auta kuma da cewa shi ke gadon murhun uba da asalin ƙasarsa, wani ya riƙe wasiyya, alhali babu wanda sarautarsa ke tabbata sai kurultai, wato babban taron 'ya'yan sarki da sarakunan yaƙi, ya yi masa mubaya'a. An bi wasiyyar Jankis Khan aka naɗa ɗansa Ogedai a 1229, amma da Ogedai ya rasu a 1241, matarsa Toregene, wadda ta yi riƙon ƙwarya kusan shekara biyar, ta ture jikan da ya so, Shiramun, ta ɗora ɗanta Guyuk a 1246. Wasiyyar da ta yi aiki sau ɗaya ke nan ta zama abin da mai iko ke ɗauka ko ya ajiye.

Abin da ya faru a 1251 ya fi tayar da hankali. Mongke ɗan Tolui, jikan Jankis Khan, da dabarar mahaifiyarsa Sorgagtani da goyon bayan ɗan uwansa Batu, ya karɓe sarauta daga gidan Ogedai, sannan ya bi abokan hamayya da shari'a da kisa, har aka naɗe matar marigayi Guyuk, Ogul Kaimish, cikin bargon gashi aka jefa ta ruwa, bisa al'adar da ta hana zubar da jinin sarauta a ƙasa. Abin baƙin ciki ne ƙwarai a ga an kiyaye alfarmar jini da irin wannan tsanani, an kuma tozarta ran mai jinin.

Da Mongke ya rasu a 1259 yana yaƙi a ƙasar Sin, ƙannensa biyu, Kublai da Arik Boke, kowa ya kira nasa kurultai a 1260, kowa ya sa aka naɗa shi, ta haka taron da aka kafa domin yanke gardama ya koma makami a cikinta. Yaƙi ne ya raba su, Arik Boke ya miƙa wuya a 1264, kuma a nan raunin aƙidar ya fito fili, domin idan nasara ce kaɗai shaidar zaɓin sama, to aƙidar ba ta iya tsawata wa mai ƙarfi, sai dai ta sa albarka ga abin da takobi ya riga ya zartar. Kafin a gama wannan yaƙi ma, Barka ƙanen Batu, wanda ya musulunta, ya ɗaga takobi kan ɗan uwansa Hulagu da ya rushe Bagadaza a 1258, daular kuma ta rabu gida huɗu, kowane gida yana jingina da sunan kaka ɗaya.