Tanadi da Tawakkali: Hukuncin Inshorar Gidan Bakin Ruwa

Godiya ta tabbata ga Allah Mai saukar da ruwa da ikonSa, tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa.

Bayan haka, a watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwannin Maiduguri, magidanta masu yawa suka wayi gari ba muhalli. A 2012 ma kogin Kwara da na Binuwai sun cika sun batse, suka ci gidaje a Lakwaja da sauran garuruwan gaɓa. To, wanda gidansa ke bakin ruwa, shin ya halatta ya yi masa inshora, ko yin haka raunin tawakkali ne?

Lalle tanadi ba ya warware tawakkali. Annabi Nuhu ya sassaƙa jirgi tun ruwa bai sauko ba. Annabi Yusufu ya tara hatsi shekara bakwai domin fari mai zuwa. Manzon Allah kuma ya umurci mai raƙumi ya ɗaure dabbarsa, sa'an nan ya dogara ga Allah.

Abin da malamai suka tsaya a kai shi ne siffar ƙulla yarjejeniyar. A 1985, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda, ta hana inshorar kasuwanci saboda garari, watau mutum ya biya kuɗi bai san ko zai karɓi wani abu ba. Amma ta halatta ta taimakon juna, wadda ake kira takaful. An kafa kamfani irin wannan na farko a Sudan a 1979, hukumar inshora ta Nijeriya kuwa ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013.

A takaful, kowa yana zuba kuɗinsa cikin asusu guda da niyyar kyauta. Kamfani wakili ne kawai, yana karɓar ladan da aka yanka masa, ba ya juya dukiyar ta hanyar riba. Wanda ruwa ya ci gidansa, daga asusun za a ɗauke masa asara. Wannan ya yi kama da halin Ash'arawa, waɗanda Annabi ya yaba wa domin sukan haɗa guzurinsu idan ya ƙaranta, su raba daidai.

Sai dai akwai wajibai a kan mai gida. Ya faɗi gaskiyar kusancin gidansa da ruwa, da ko ambaliya ta taɓa shigarsa, domin ɓoyewa ha'inci ne ga 'yan'uwansa masu zubi. Ya karanta takarda, ya tabbata an ambaci ambaliya da sunanta, don ta gobara kaɗai ba lalle ta ƙunshe ta ba. Ranar biya kuma kada ya ƙara ko kwabo a kan asararsa. Wanda ya gina a kan hanyar ruwa, ya karkatar da shi gidan maƙwabci, takaful ba zai sauke masa wannan alhaki ba.

Iyali amana ne, matsuguninsu yana cikin amanar. Allah Ya sa damina ta zama rahama, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri, amin.